Masu yankan kankare a Sakkwato: inda suka ƙware da inda suke ɓata aiki

Duk wanda ya sayi tsohon gida a Mabera ko Runjin Sambo, ko ya gaji na iyaye a cikin gari, gyara ne ke fara zuwa masa a rai. A fitar da shago ta bangon da ke kallon titi, a mayar da taga ƙofa, a shigar da banɗaki cikin ɗaki, a kafa na'urar sanyaya ɗaki kafin bazara ta kama. Dukkansu sai an bi ta kan bulo da kankare. A da lebura biyu ake kira da guduma da cizal, su wuni suna dukan bango. Yanzu akwai masu zuwa da inji su yanka, kuma sun fi leburan tsada. A ganinmu ƙarin kuɗin ya cancanta, amma ba duk wanda ya sauke inji daga keke napep ne gwani ba.

Illar guduma ba a inda ta sauka take tsayawa ba. Girgizar tana bin bango, ta tsaga filasta a ɗakin da ba a taɓa ba, ta ɗaga tayil, wani lokaci ta raba rodi da kankaren da ke riƙe da shi. Bulon da aka buga da ƙarancin siminti kuwa, kuma irinsa ba ya wuyar samu, rugurgujewa yake yi har bayan layin da aka shata. Ƙofar santimita 90 sai ta koma mita ɗaya da wani abu, magini ya cinye buhun siminti wajen cike gefe. Faifan injin yanka ba ya duka, gogewa yake yi, shi ya sa bakin yankan ke fita tas kamar an yanka sabulu. Wannan kaɗai ya kan mayar da wani sashe na bambancin kuɗin.

Masu aikin sun kasu, kuma maigida ya kamata ya san wanda ya kira. Mafi yawa masu giranda ne, wato magini ko mai tayil ko mai aikin wuta da ke da injin hannu mai faifan inci 4 da rabi ko inci 9. Sai masu injin fetur na hannu mai faifan inci 14, irin Stihl TS 420 ko Husqvarna K 770, da masu injin turawa mai taya da ake yanka daɓe da kwalta da shi. Masu injin huda rami su ne ƙalilan, galibi a cikin masu sa na'urar sanyi da masu aikin famfo ake samunsu. Kafin a yi maganar kuɗi, a tambayi girman faifai, domin shi ne ke faɗin iyakar zurfin da za a kai. Faifan inci 9, wato milimita 230, ba ya wuce milimita 65 zuwa 70. Na inci 14 yana tsayawa a milimita 125. Bulon inci 9 kuwa kaurinsa milimita 225 ne, idan aka haɗa da filastar ciki da waje ya kai wajen 250. Ke nan mai inci 14 sai ya yanka ta ciki ya zagaya ya yanka ta waje kafin su haɗu a tsakiya, mai inci 9 kuma fatar bulon kawai zai yanka ta kowane gefe, ya ƙarasa cikin da cizal. A bulo mai rami wannan ya wadatar. A dekin mai kaurin milimita 150, giranda ba ta isa ba ko kaɗan, kuma duk wanda ya ce zai yi da ita, da guduma zai ƙare.

A nan ne ake ganin ɗabi'ar da ta fi kowace muni a wannan sana'a: cire murfin kariyar giranda don a ɗaura faifan da ya fi ƙarfinta. Ƙaramar giranda tana juyi wajen 11,000 a minti, faifan inci 9 kuma an yi shi ne don kada ya wuce kusan 6,600. Adadin yana rubuce a jikin kowane faifai. Idan haƙori ya ɓalle a wannan gudun, duk wanda ke tsaye a kan layinsa ya shiga uku. Maigidan da ya ga giranda babu murfi a gidansa yana da ikon tsayar da aiki nan take.

Buɗe ƙofa ko shago shi ne aikin da aka fi kiransu a kai, kuma nan ne gwani ke fita daban tun kafin a tada inji. Gwani zai ɗaga kai ya dubi abin da ke zaune a kan bangon. Kwano ne da katako, ko dekin, ko bene? Akwai linta da ta zagaye ginin, ko guntuwa ce a kan taga kawai? Zai ƙwanƙwasa bango ya gano inda fila take. Wanda bai ƙware ba kuwa, abin da za ka ji shi ne, "Alhaji, ba komi cikinai," ya ja layi da gawayi ya kunna inji.

Idan babu linta a wurin, ita ake fara yi, ba ƙofar ba. A tokare abin da ke sama da sandunan ƙarfe ko katako mai kauri ta ciki da waje, a yanke gurbin linta, a ɗaura rodi huɗu na milimita 12 da zobba a tazarar santimita 20, a zuba. Kowane gefe ta hau kan bango da aƙalla santimita 15, in an samu rabin bulo ya fi. A bar ta kwana 7 ana ba ta ruwa kafin a yanke abin da ke ƙarƙashinta, kuma tokaran su ƙara kwanaki a wurin, domin kankare ba ya cika ƙarfinsa sai kwana 28. Wannan lissafin na ƙofa ne da taga. Gaban shago mai faɗin mita 3 wani abu ne daban: lintar da aka zuba don tagar mita 1.2 ba za ta ɗauki wannan faɗin ba ko da ta zagaye gidan, kuma mai yanka ba shi ne zai faɗi rodin da ya dace ba. Aikin injiniya ne mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya. Fitar da shago a bakin titi kuma yana buƙatar izinin hukumar tsara birane ta jiha, kuma maigida ne zai nemo shi, ba mai inji ba.

Wajen daidaita yankan ciki da na waje, masu hankali suna huda kusurwoyi huɗu da dogon dirila har ya fita ta ɗaya gefen, sannan su ja layi daga rami zuwa rami da ma'aunin ruwa. Wanda ya auna kowane gefe daban da tef, daga daɓen ɗaki a ciki da kuma ƙasar waje, sau da yawa layukansa ba sa haɗuwa, sai a samu tudu a tsakiyar bango wanda firam ɗin ƙofa ba zai zauna a kai ba.

Akwai kuma matsalar kusurwa, wadda ko ƙwararru suna sakaci da ita. Faifai zagayayye ne. Kafin ƙasansa ya kai cikakken zurfi a daidai kusurwa, samansa ya riga ya zarce layi. Da faifan inci 14 a nutse har ƙarshe, zarcewar ta kai kusan santimita 17 a fuskar kankare. A bangon bulo filasta za ta rufe. A dekin ko a bakin sabuwar linta, wannan zarcewar na nufin an datse rodin da ba a yi niyyar taɓawa ba, kuma daga irin wannan kusurwar tsaga ke tashi bayan wata biyu ko uku. Maganinta shi ne a huda kusurwoyin da injin huda tukuna, a tsayar da faifai a bakin ramin, ɗan abin da ya rage a cire shi da cizal a hankali. Wanda ya zo yankan dekin ba tare da injin huda ba, a tambaye shi yadda zai yi da kusurwa, amsarsa ta isa a gane shi.

Dekin dai shi ne inda ba mu yarda a bar mai yanka shi kaɗai ba. Ramin bututu ɗaya ko biyu a tsakanin rodi ba wata matsala ba ce. Buɗe gurbin matakala kuwa yana datse rodi da yawa a lokaci ɗaya, kuma nauyin da suke ɗauka dole a sama masa wata hanya, ko da sabon bim ko da bango a ƙarƙashi. Bim da fila ba a yankansu, ba a huda su. Barandar da ta turo waje ba tare da ginshiƙi ba, rodin da ke riƙe da ita a sama yake, kusa da fuskar da ake takawa, don haka ko ɗan yankan santimita 4 da mai famfo zai yi don binne bututu na iya kashe ta. Sannan nauyi. Mita ɗaya ta kowane gefe a dekin mai milimita 150 tana da kilo 360. Mutum huɗu ba za su tare ta da hannu ba. A kafa katako a ƙarƙashi ya riƙe, a yanka gunduwa-gunduwa kamar santimita 50 a 50, kowace wajen kilo 90, a sauke ɗaya bayan ɗaya.

Cikin kankaren ma ba kankare kaɗai ba ne. A gininmu bututun wayar wuta a cikin dekin ake shimfiɗa shi kafin zubi, kuma yawanci kai tsaye yake bi daga inda ƙwai ko fanka take zuwa bango, ba ruwansa da layi. A bango kuma waya tana hawa ko sauka daga soket da makunni. Na'urar gano ƙarfe da waya ta hannu, irin Bosch GMS 120, ba wani babban kaya ba ce, amma da wuya a ga mai yanka ya zo da ita, kuma wannan ne gibi mafi girma a sana'ar a garin nan. Idan babu ita, a kira wanda ya yi wayarin gidan ya nuna hanya. A kashe babban makunni, a kuma tuna cewa kashe wutar NEPA bai isa ba a gidan da ke da sola da inbata. Layin inbata yana nan da ransa sai an kashe shi daban.

Masu huda rami su ne muka fi yaba wa aikinsu. Ramin na'urar sanyi na milimita 65 yana fita cikin mintuna, ba fashewar filasta, in dai an karkata shi ƙasa kaɗan ta waje don ruwan na'urar ya gangara. Wanda aka huda a miƙe ko ya karkata ciki, ruwa zai riƙa bin bangon ɗaki, a yi ta zargin mai sa na'ura. Bututun masai na inci 4 faɗinsa ta waje milimita 110 ne, ramin ya zama 125 zuwa 130. Rami mai wannan girma a kankare ba a yinsa da inji a hannu. Ana ɗaure sandar injin da kusa mai buɗewa a jikin kankaren, domin idan haƙori ya cije rodi, injin ne zai juya ya murɗe hannu. Curin da ke fitowa daga dekin ya kusa kilo 5, don haka a tare ƙasa, a kuma fitar da yara daga ɗakin.

Yankan daɓe don shigar da banɗaki aiki ne mai sauƙi, amma ana ɓata shi a ƙarshe. Layi biyu a tazarar kamar santimita 30, a yanka har kaurin daɓen ya ƙare ko ya kusa, a fasa tsakiya. Bututun inci 4 yana son gangarar santimita 2 da rabi a kowace mita, ke nan daga banɗakin da ke mita 8 da sokawe, ƙarshen bututu zai yi ƙasa da farkonsa da santimita 20. A lissafa wannan kafin a yanka. Wajen mayarwa, a daddaɓe ƙasar sosai, a mayar da ledar hana danshi idan akwai ta, a huda gefen tsohon daɓen a cusa guntayen rodi na milimita 10 ko 12 kowane santimita 40, sannan a zuba kwaɓin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Idan aka tsallake daɓe ƙasa da rodin, damina ɗaya ta isa sabon zubin ya zauna, tayil ya tsage a kan layin ramin daga bango zuwa bango. Masu yanka da yawa suna ganin mayarwa ba nasu ba ne. To a san na wane ne tun farko.

Akwai aikin da masu gida ba su cika nema ba, alhali a Sakkwato ya fi ko'ina amfani: tsaga layi a sabon daɓen tsakar gida ko wurin ajiye mota. Kankare yana tsukewa idan yana bushewa, kuma sai ya tsage, ko simintin Kalambaina aka zuba masa ba ƙwauro. Abin da layin ke yi shi ne ya zaɓa masa inda zai tsage, a ƙarƙashin yankan inda ido ba ya gani. Zurfin ya zama kashi ɗaya cikin huɗu na kauri: milimita 25 a daɓe mai 100, wajen 40 a mai 150. Tazarar layi a daɓe mai milimita 100 ta tsaya tsakanin mita 2 da rabi zuwa 3, kowane yanki da layukan suka raba ya kusanci murabba'i, tsawonsa kada ya wuce faɗinsa sau ɗaya da rabi. Daga kusurwar murfin sokawe da gindin filar get ma a ja layi, domin nan tsaga ke son farawa.

Lokaci ne wahalar. Ƙa'ida ita ce tsakanin awa 6 zuwa 18 bayan zubi. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, da kuma lokacin hunturu da iska ke zuƙe ruwa, farkon wannan tazarar ake bi. Abin da aka zuba da hantsi a yanka shi da yamma ko bayan Isha'i. Ana gwadawa a gefe: idan faifai yana tumɓuke tsakuwa bakin yana rugurgujewa, a ƙara awa ɗaya; idan ya fita sumul, a ci gaba ba tsayawa. Mai injin da ya ce zai zo jibi, kuɗin banza za a ba shi, daɓen ya riga ya zaɓi hanyarsa. Saboda haka a tsayar da rana da shi kafin a kira masu zubi.

Ƙura ce babban abin da muke tuhumar sana'ar da shi. Yawancin masu giranda a bushe suke yanka, da rawani ko tsumma a hanci, ɗakin ya yi fari fat. Wannan ba ƙurar hunturu ba ce. Akwai garin silika a cikinta, mai laushin da ke isa can cikin huhu ya zauna, ya haddasa ciwon da ba ya warkewa, ya kuma buɗe ƙofa ga tarin fuka. Tsumma ba ya tare shi, takunkumin asibiti ma haka; sai irin N95 ko FFP3 da ya kama fuska. Ruwa ne maganin farko. Injin fetur na hannu yana da bakin tiyo, kuma rabin lita a minti ta isa kwantar da ƙura, ke nan jarka ɗaya mai lita 25 ta mai ga-ruwa za ta yi kusan minti 50 ana yanka. Injin turawa ya fi haka sha. Zuba ruwa da gora a kan giranda mai wuta kuma kasada ce, sai in akwai na'urar da ke katse wuta da zarar ta zube, mai miliamfiya 30, kuma mahaɗin waya yana rataye sama da ƙasa. Injin fetur a rufaffen ɗaki hayaƙinsa ɗaya da na janareta, wanda kowa ya san abin da yake yi wa mutanen da suka kwana da shi. A buɗe ko'ina, ko a nemo mai wuta.

Ruwan kuma yana barin nasa aikin. Kunun simintin da ke kwarara yana cin fata, yana ɓata tayil, idan ya bi kwata ko ya shiga masai ya daskare ya toshe. A tare shi da yashi, a kwashe a bokiti, a wanke wurin kafin ya bushe. Kaɗan ne ke yin haka ba tare da an ce su yi ba.

Faifai ma ba ɗaya ba ne, ko da yake duk haƙoran dayamon ne. Na yankan abu mai tauri, kamar tsohon kankare mai duwatsun kwari, ƙarfen da ke riƙe dayamon ɗinsa mai laushi ne don ya riƙa cinyewa sabbi suna fitowa. Na bulo da sabon zubi ƙarfensa mai tauri ne, saboda yashi yana cinsa da sauri. Idan aka musanya, ko faifai ya ƙare a rabin aiki, ko ya yi santsi yana tartsatsi ba ya ci. Wanda ya san aiki, in faifai ya dakushe, yana ɗan yanka tsohon bulo sau biyu ko uku ya farfaɗo. Wanda bai sani ba dannawa yake ƙarawa har faifan ya yi shuɗi ya lanƙwashe, layi ya karkace. Yankan kirki hawa-hawa ake yinsa: a fara da santimita 1 don kafa hanya, sannan a riƙa ƙara 3 zuwa 5. Babbar giranda da injin huda kowanne yana jan wat 2,000 ko fiye, don haka ƙaramin janaretan gida ba zai ɗauka ba. A nemi mai kVA 5 da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5.

Ciniki kuwa, araha ba ta ado. Masu gaskiya da mita suke lissafi tare da ambaton zurfi, huda kuma kowane rami da kuɗinsa gwargwadon faɗi. Rigima tana tashi ne a kan abin da ba a ambata ba: wa zai sayi fetur da ruwa, wa zai ɗauki asarar faifai idan aka tarar da rodin milimita 16, fasawa bayan yanka tana ciki ko a'a, wa zai kwashe ɓaraguzai daga ƙofar gida. A rubuta su ko a saƙon waya ne, a riƙe kaso ɗaya cikin uku har a duba aiki. Dubawar ba ta wuce minti goma: a ɗora ma'aunin ruwa a gefen ƙofar, a auna faɗinta sama da tsakiya da ƙasa, a leƙa kusurwoyi huɗu da tocila ko faifai ya zarce, a kunna kowane makunni da soket na ɗakin, a buɗe famfo a ga ko bango zai jiƙe.